Darasi na 9: Iskar Birnin Meziko da Lokutan Shekara

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane mai koyo ya iya:

1. bayyana dalilin da ya sa hayaƙi yake taruwa a birnin da duwatsu suka kewaye;
2. faɗin irin gurɓatar iskar da ke damun Birnin Meziko a kowane lokaci na shekara;
3. kawo matakan da hukuma ta ɗauka, da wanda ya yi amfani da wanda bai yi ba;
4. gane lokutan da iskar garinsa ta fi lalacewa, da yadda zai kare iyalinsa.

Gabatarwa

A shekarar 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana Birnin Meziko a matsayin birnin da iskarsa ta fi ta kowane babban birni gurɓata a duniya. A wancan zamani, a kusan kwana tara cikin kowane kwana goma, gubar da ke cikin iskar takan wuce iyakar da hukumar lafiyar ƙasar ta gindaya. Yau al'amarin ya yi sauƙi ƙwarai, ko da yake ba a rabu da matsalar ba.

Abin da mazauna birnin suka daɗe da sani shi ne, lalacewar iskar tana bin lokutan shekara. Wadda ake shaƙa da sanyin safiyar Janairu dabam take da ta tsakar ranar Afrilu, ita ma dabam take da ta yammacin Agusta. Motocin da masana'antun ba su canza ba, amma sanyi da rana da ruwan sama su ne ke yanke inda hayaƙin zai nufa. Wannan shi ne abin da za mu nazarta.

Birni a cikin kwari

Ƙasar Meziko tana kudu da ƙasar Amurka, suna iyaka da juna. Babban birninta yana cikin yankin zafi na duniya; idan kuka duba taswira za ku ga yana arewa kaɗan da layin da Agadas ta Nijar take a kai. Duk da haka ba a fama da zafi irin namu a can, domin birnin yana kan tudu mai tsayin mita 2,240 daga matakin teku, wato kusan ninki biyu na tsayin Jos. Mutanen da ke zaune a birnin da garuruwan da suka haɗe da shi sun haura miliyan 21.

Ko da yake a kan tudu yake, birnin yana zaune ne a cikin kwari. Manyan duwatsu sun tsare shi ta gabas da yamma da kudu, sai ta arewa ne ƙasar ta ɗan buɗe. Biyu daga cikin duwatsun, Popocatépetl da Iztaccíhuatl, sun wuce mita 5,000, kuma na farkon dutse ne mai aman wuta da har yanzu yakan fitar da toka lokaci zuwa lokaci.

A da, tafkuna ne suka cika wannan kwari. Mutanen Aztek sun kafa birninsu Tenochtitlan a shekarar 1325 a kan wani tsibiri cikin tafkin Texcoco. Bayan Turawan Sifen sun ci birnin da yaƙi a 1521, sai aka shiga janye ruwan tafkin sannu a hankali saboda ambaliya, har mafi yawansa ya ƙafe. Aka gina unguwanni a kan wani sashe, wani sashen kuma ya zama fili fetal mai gishiri da kanwa.

Tsayin wurin yana ƙara wa matsalar nauyi ta hanya uku. Ta farko, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da bakin teku, don haka dole ya shaƙi iska da yawa, tare da duk dattin da ke cikinta. Ta biyu, injin mota ma oksijin yake buƙata kafin ya ƙone mai. Idan bai samu isasshe ba, musamman tsohon inji, sai ya riƙa fitar da hayaƙin man da bai gama ƙonewa ba. Ta uku, hasken rana ya fi kaifi a kan tudu, kuma za mu ga aikin da wannan haske yake yi.

Abubuwa biyu da suka fi damun birnin

Na farko shi ne ƙananan ɓurɓushi masu yawo cikin iska: ƙura, toka, baƙin hayaƙin gas na manyan motoci, da na itace da shara. Masana sun kasa su gida biyu bisa girmansu. Akwai PM10, waɗanda hanci da maƙogwaro kan tare wasu daga ciki. Akwai kuma PM2.5, waɗanda kaurin gashin kai ya ninka su kusan sau 30. Waɗannan su ne suka fi haɗari, domin sukan wuce har can cikin huhu, mafi ƙanƙantarsu ma su shiga jini.

Na biyu shi ne iskar ozon. A can sama ƙwarai, ozon kariya ce ga halittu daga zafin hasken rana. Amma idan ta samu a ƙasa inda ake numfashi, guba ce mai ƙona hanyoyin iska na jiki. Ba daga salansar mota take fitowa kai tsaye ba. Tana haɗuwa ne a sararin birni idan hayaƙin injuna ya gauraya da tururin fetur da na fenti da makamantansu, sannan rana mai ƙarfi ta buge su na wasu sa'o'i. Wani bincike da aka buga a 1995 ya nuna cewa har gas ɗin girki da ke yoyo daga tukwanen gas na gidaje yana ba da nasa kason, domin kusan kowane gida a birnin da shi yake girki da dafa ruwan wanka.

Lokacin sanyi: Nuwamba zuwa Fabrairu

Shekarar Birnin Meziko ta kasu kashi uku, kuma rabon ya yi kusa da wanda muka saba da shi: hunturu, bazara da damina.

A ƙa'ida, iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama ɗumi. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sai ta tashi sama ta tafi da hayaƙi. A daren hunturu abin yakan juye. Sama tana tas babu gajimare, ƙasa ta saki zafin da ta tara da rana, ta yi sanyi ƙalau. Iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta gangaro daga jikin duwatsu ta kwanta a cikin kwarin, iska mai ɗumi kuma ta shimfiɗu a samanta. Kwarin ya zama tamkar ƙwarya da aka rufe da faifai: duk hayaƙin da aka saki a ciki ba shi da hanyar fita. Wannan shi ake kira juyewar zafin iska.

Ku dubi yadda safiya take a wata unguwa ta arewa maso gabas, kamar Ecatepec, inda masana'antu da gidajen ma'aikata suka cakuɗe. Tun kafin gari ya waye mutane sun yi layi a bakin titi, kowa ya naɗe wuya da mayafi, suna jiran ƙananan motocin haya da za su kai su cikin gari. Manyan motocin kaya suna ta ɗumama inji. Masu sayar da abincin safe sun hura wuta. Hayaƙin duk waɗannan ba ya tashi sama, a tsayin mutum yake tsayawa, yaran da ke tafiya makaranta kuma a cikinsa suke ratsawa. Wanda ya hau tudu ya hango birnin zai ga wani hazo ruwan ƙasa ya lulluɓe gidaje, samansa a miƙe sak, sama da shi kuwa sararin samaniya shuɗi garau. Sai hantsi ya ɗaga, rana ta ɗumama ƙasa, sannan rufin ya tsage hayaƙin ya samu hanya.

Saboda haka hunturu lokacin ɓurɓushi ne, kuma sa'o'in da suka fi muni su ne daga asuba zuwa hantsi. Akwai kuma safiya biyu da aka san su da muni kusan kowace shekara: 25 ga Disamba da 1 ga Janairu. A daren bikin Kirsimeti da na sabuwar shekara mutane sukan yi wasan tartsatsin wuta, su kunna wuta a tituna, wasu har da tayoyi. Kashegari na'urorin awo sukan nuna ɓurɓushi ya yi tashin gwauron zabo.

Lokacin bazara: Maris zuwa Mayu

Da sanyi ya ja baya, sai wata matsalar ta kunno kai. Rana tana daɗewa, haskenta ya yi kaifi, babu gajimare, sau da yawa iska ma ba ta kaɗawa. Wannan shi ne yanayin da ozon take so, har hukumomin birnin suna kiran waɗannan watanni da lokacin ozon.

Tafiyarta a yini tana da tsari. Da safe miliyoyin motoci suna zuba hayaƙi. Rana ta yi ta aiki a kansa, kafin azahar ozon ta fara hawa, ta kai ƙololuwa tsakanin azahar da la'asar, sannan ta sauka bayan faɗuwar rana. Iskar rana takan busa ne daga arewa, sai ta tura gurɓatar zuwa kudu maso yamma, inda duwatsun Ajusco suka tare hanya. Shi ya sa unguwannin wannan ɓangare, duk da itatuwansu da ƙarancin masana'antunsu, suka daɗe suna cikin waɗanda ozon ta fi yawa a cikinsu. Wanda ya saki hayaƙin dabam, wanda ya shaƙi gubar dabam.

Wani abin lura shi ne, ranar da ozon ta yi yawa ba lalle ne a ga hazo mai duhu ba. Ana iya ganin gari da haske, amma ido yana yaji, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, mai gudu ko mai aikin ƙarfi ya ji ƙirjinsa ya ɗaure.

Bazara kuma lokacin ƙura ne da gobarar daji. A shekarun baya, guguwa takan kwaso ƙurar busasshen tafkin Texcoco ta watsa wa birnin, har daga shekarun 1970 aka fara shuka ciyawa mai jure gishiri tare da mayar da ruwa wani sashe na filin don a danne ƙurar. Gobara kuwa har yanzu tana nan. A watan Mayun 2019 dazuzzuka da gonaki da dama suka kama da wuta a kewayen kwarin, hayaƙin ya cika birnin kwana da kwanaki, har hukuma ta ayyana dokar ta-ɓaci ta musamman aka rufe makarantu.

Lokacin damina: Yuni zuwa Oktoba

Damina ita ce hutun birnin. Yawanci gari yakan waye da rana, hadari ya haɗu bayan azahar, ruwa ya sauko da yamma. Ruwan yana wanke ɓurɓushin da ke yawo, yana jiƙa ƙasa ƙura ta kwanta, yana kashe gobarar daji. Gajimare yana rage hasken da ke haifar da ozon, iskar hadari kuma tana motsa abin da ya taru. A irin waɗannan ranaku, bayan an ɗauke ruwa, mazauna birnin sukan hango manyan duwatsun nan biyu da hazo ya saba ɓoye musu.

Amma kada a ɗauka hayaƙin ya ragu ne. Adadin motocin yana nan yadda yake. Ko a tsakiyar damina, idan aka yi kwana biyu ko uku babu ruwa rana kuma ta buɗe, ozon takan sake hawa. Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, sai zagayen ya koma farko.

Illa ga lafiya

Gurɓatacciyar iska tana taɓa kowa, amma ta fi tsananta ga yara ƙanana, tsofaffi, mata masu juna biyu, da masu ciwon asma ko ciwon zuciya. Haka kuma waɗanda sana'arsu a titi take: direbobi, 'yan talla, masu shara, 'yan sandan hanya da leburorin gini. Illar gaggawa ita ce tari, yajin ido, ciwon kai da tashin asma. Illar da ke zuwa a hankali ta fi wannan girma, domin shaƙar PM2.5 shekara da shekaru yana ƙara haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon huhu mai daɗewa da sankarar huhu.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin PM2.5 na shekara ya wuce maikurogiram 5 a kowace kubik mita ɗaya ta iska. Na Birnin Meziko a 'yan shekarun nan ya ninka wannan kusan sau huɗu.

Matakan da aka ɗauka

Ba wanda zai iya kawar da duwatsu ko ya hana hunturu zuwa. Abin da ke hannun mutane shi ne rage abin da suke zubawa cikin kwarin, kuma ta nan hukuma ta ɓullo wa lamarin.

Mataki na farko shi ne awo. Tun 1986 aka kafa tashoshi a sassan birnin masu auna iska dare da rana, ana sanar da jama'a sakamakon kowace sa'a. Idan awon ya wuce wani mataki, sai a ayyana ta-ɓaci: a rage motocin da ke kan titi, a umarci wasu masana'antu su sassauta aiki, a hana 'yan makaranta wasanni a fili, a kuma shawarci jama'a su guji motsa jiki a waje daga ƙarfe 1 na rana zuwa 7 na yamma.

A 1989 aka kawo dokar Hoy No Circula, wadda ta hana kowace mota fita rana ɗaya a mako bisa lambar ƙarshe ta lambar motar. Misali, mai ƙarewa da 5 ko 6 ba ta fita ranar Litinin. A takarda dabarar ta yi kyau, amma an gudu ba a tsira ba. Iyalai masu hali suka sayi mota ta biyu mai wata lambar, galibi tsohuwa mai arha da ta fi fitar da hayaƙi. Wani masanin tattalin arziki, Lucas Davis, ya bi bayanan awon ya buga sakamakonsa a 2008, inda ya nuna dokar a yadda aka fara ta ba ta gyara iskar ba. Daga baya aka haɗa ta da gwajin hayaƙin mota na dole, ta yadda motar da ta ci gwajin da kyau take samun sassauci.

Matakan da suka fi tasiri su ne waɗanda suka taɓa tushen hayaƙin. A 1991 aka rufe babbar matatar mai ta Azcapotzalco da ke cikin birnin, wurin da aka mayar lambun shaƙatawa a 2010. Daga farkon shekarun 1990 aka wajabta wa sababbin motoci na'urar tace hayaƙi a jikin salansa. Zuwa 1997 an daina sayar da fetur mai darma a birnin, kuma yawan darmar da ke cikin jinin yara ya ragu ƙwarai. An rage farar wuta a cikin mai. An faɗaɗa jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe tun 1969, aka ƙara da manyan bas masu hanyarsu ta kansu a 2005, da kekunan haya a 2010. Masana na gida sun taka rawa a wannan aiki, cikinsu har da Mario Molina, haifaffen birnin da ya samu lambar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1995.

Da waɗannan matakai aka shawo kan darma da hayaƙin farar wuta da iskar kabon mai guba. Ozon da PM2.5 ne suka gagara. A watan Maris 2016 ozon ta hau har aka ayyana ta-ɓacin da aka yi shekara 14 ba a ga irinsa ba, kuma tun daga nan da wuya bazara ta wuce ba a ayyana ba.

Abin da ya shafe mu

Yawancin garuruwanmu ba a cikin kwarin duwatsu suke ba, amma mun san hazon hunturu, wanda iska ke kwaso ƙurarsa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Juyewar zafin iska ma tana faruwa a wurinmu a daren sanyi. Duk wanda ya fita sallar asuba a watan Janairu ya ga yadda hayaƙin murhu da na bola yake kwanciya a lungu ba ya tashi. Ƙurar Sahara ba mu da iko a kanta. Amma ƙona shara da roba da taya, ajiye janareta a bakin taga, kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, da barin inji yana zuba baƙin hayaƙi ba gyara, duk a hannunmu suke. A lokacin da iska ba ta iya kwashe hayaƙi, a lokacin ne ya fi kamata mu rage shi, mu kuma tsare yara da tsofaffi da masu asma daga fita cikinsa da sassafe.

Muhimman kalmomi

- *Kwari:* ƙasa mai zurfi da tuddai ko duwatsu suka kewaye.
- *Juyewar zafin iska:* yanayin da iska mai sanyi take kwanciya a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta, hayaƙi ya kasa tashi.
- *PM2.5:* ɓurɓushi mafi ƙanƙanta da ke shiga can cikin huhu.
- *Ozon:* iskar da ke haɗuwa idan rana ta bugi hayaƙin injuna da tururin mai.
- *Darma:* ƙarfe mai guba da a da ake zubawa cikin fetur, mai cutar da ƙwaƙwalwar yara.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi uku tsayin Birnin Meziko yake ƙara matsalar iska?
2. Ku bayyana da bakinku yadda juyewar zafin iska take faruwa.
3. Me ya sa ɓurɓushi ya fi yawa da safiyar hunturu, ozon kuma da ranar bazara?
4. Me ya sa unguwannin kudu maso yamma suke fama da ozon alhali masana'antu sun fi yawa a arewa?
5. Mene ne ya rage amfanin dokar hana mota fita rana ɗaya a mako?
6. Ku kawo matakai uku da suka taɓa tushen hayaƙin.

Aikin rukuni

Ku rabu rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar. Kowane rukuni ya zana layi uku a takarda: hunturu, bazara, damina. A ƙarƙashin kowanne ku rubuta abubuwan da ke gurɓata iskar unguwarku a wannan lokaci, da sa'o'in da abin ya fi tsanani, da mutanen da ya fi shafa. Sannan ku ware waɗanda magidanci ko uwargida za su iya gyarawa da kansu, da waɗanda sai an haɗa kai da mai unguwa ko ƙaramar hukuma.

Aikin gida

Har tsawon mako guda, ku riƙa duban wani abu mai nisa daga ƙofar gidanku, kamar hasumiyar masallaci ko dogon ƙarfen sadarwa, sau uku a rana: bayan asuba, da azahar, da kuma kafin magariba. Ku rubuta ko yana fitowa sarai, ko dishi-dishi, ko ba a ganinsa, tare da abin da kuka lura ana ƙonawa a kusa. Ku kawo abin da kuka rubuta a zama na gaba domin mu haɗa na kowa mu fitar da jadawalin iskar garinmu.